Fatar Tauren Yayana

Yayana ya gama rubuta Alƙur'ani da ka, da hannunsa, yana da furfura har a gira. Ya daɗe yana yi, in damina ta zo ya ajiye alƙalami ya ɗauki fartanya, in an yi girbi ya koma. Tun muna yara shi aka tura karatu, ni aka bar ni a majema wajen mahaifinmu, a ƙauyenmu da ke gabas da Ɗambatta. Bokon da na yi kaɗan ne, iyakarsa abin da nake rubuta wannan da shi.

Ranar da ya rubuta aya ta ƙarshe ya yanka taurensa, wani ja mai kaurin wuya da ya yi kiwo da kansa, aka dafa aka raba wa maƙwabta. Bayan la'asar ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a zaure, fatar tauren a naɗe a gabansa.

"Ga aikinka," ya ce. "Gafaka nake so in sa shi a ciki. Ja. Ba irin ta kasuwa ba, wadda ake ce wa fata alhali leda ce."

"Yaya, ai na bar jima tun yaushe."

"Kai ka bar ta, warin bai bar ka ba. Ɗauki ka tafi."

Na ɗauka. Na zuba mata gishiri sosai, na shanya a inuwa, da ta bushe na rataye ta a rufin zaurena. Daga nan na bar ta. Damina ta zo na ce sai an gama noma. Aka gama na ce sai an cire gyaɗa. Aka cire na ce sai na kai kasuwa. Gaskiyar magana, ba aiki ne ya hana ni ba. Na riga na zama mai sayen gyaɗa, ina sa farar riga ranar kasuwa, ba na son a gan ni tsugune gaban kwatarniya hannuna baƙi ƙirin kamar da. Duk sanda ya tambaya sai in ce, "Tana nan, Yaya." Shi kuma ya ce, "Na san tana nan. Wurina nake so ta zo."

Mai ɗakina ce ta fara lura cewa Yaya ya canza. Ta kai masa fura wata rana ta dawo, ta ajiye ƙwaryar ta dube ni.

"Malam, Yaya ya tambaye ni ko Inna ta dawo daga rijiya."

Inna kuwa ta rasu tun kafin a aurar da 'yarmu ta fari.

Daga nan abin ya yi ta fitowa. Ya yi azahar ya sake neman ruwan alwala. Ya fita gona ya tsaya a ta maƙwabci yana cire ciyawa, don gonakinmu a manne suke da juna, iyakar ma 'yar gamba ce. 'Ya'yansa suka kai shi asibiti, aka ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya komawa baya. Karatunsa bai taɓu ba, ka ja masa baki ya ɗauka ya tafi. Sauran abubuwa kuwa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Cikin 'yan abubuwan da suka rage masa har da fatar nan. Ko sunan jikansa ya ɓace masa, da ya gan ni zai ce, "Ina fatata?"

"Ka kai masa tun yana tambaya," in ji mai ɗakina. "Ranar da ya daina, wa za ka kai wa?"

Na hau turmi na sauko da fatar.

Bazara ce lokacin, zafi kamar a ɗora tukunya a ƙasa ta tafasa. Majemarmu babu ita, an cike ramukan, wani yana noma gero a wurin. Fata yanzu masu babur ke bi gida gida suna saye ɗanya, su kai birni. Kwatarniyar ruwan mai ɗakina na ɗauka na kai bayan gida.

"Wannan ai ta shan ruwa ce!"

"Zan sayo miki wata."

"Haka ka ce a kan turmina."

Na jiƙa fatar har ta saki ta koma kamar ranar da aka feɗe ta. Na sa ta a ruwan toka, gashi ya yi laushi, na ɗora ta a kan gungume na kankare. Na roƙi kashin tattabara wajen maƙwabcina na dama, na tsoma ta ciki don ta yi taushi ta fitar da tokar da ta sha. Hannuna bai manta ba, bayana ne ya manta. Duk wannan ina yi ina leƙa hanya, kamar wani zai zo ya ce mini an makara.

Sai bagaruwa. Da a ce ka nemi bagaruwa a ƙauyenmu dariya za a yi maka, ko'ina ga ta. Yanzu an sare su an yi girki. Na zaga gonaki a ƙafa, na tambayi makiyaya, daga ƙarshe aka kwatanta mini wata tsohuwar bishiya a bakin fadama. Na nemi izinin mai gonar, na kakkaɓo busassun 'ya'yanta na cika buhu, ƙaya ta yi mini zane a hannu.

A nan ne na yi abin da ɗan majemi bai kamata ya yi ba.

A majema sabuwar fata ba ta shiga sabon ruwa. Ruwan da wata fata ta riga ta sha ta rage, wanda ƙarfinsa ya tafi, shi ake fara sa ta a ciki. In ta saba, a matsar da ita zuwa wanda ya fi shi ƙarfi, sai daga ƙarshe ta shiga sabon dakan bagaruwa. Kowace fata tana bin sawun ta gabanta. Muna yara ba mu taɓa tambayar dalili ba, don ba a taɓa rasa tsohon ruwa ba, kullum akwai shi a ramin gefe. Ni kuwa ga ni da fata ɗaya, da kwatarniya ɗaya, ba wadda ta riga ta. Da na tsaya na yi tunani, da na tsinka ruwan kawai. Ban tsaya ba. Na daka bagaruwa na zuba, na ƙara, na sake ƙarawa, har ruwan ya yi duhu ya yi kauri. A raina na ce mai ƙarfi zai fi sauri. Na tura fatar ciki.

Ta kama launi nan da nan. Murna ta sa na tafi gidan Yaya ban ko wanke hannu sosai ba.

"Ina fatata?"

"Ta kusa, Yaya. Ta sha bagaruwa."

"Ja nake so."

"Ja za ka samu."

Ba a jima ba na ga fuskar fatar ta fara tattarewa kamar goshin mai fushi. Na ɗaga ta, ta yi tauri a wuya da gadon baya. Na ɗauko wuƙa na yanki ɗan gefen wuyan na duba kaurin. Sama ruwan ƙasa, ƙasa ruwan ƙasa, tsakiya fari fat kamar ɗanyen rogo. Bagaruwar ta kama waje ta ƙulle shi, ta hana kanta hanyar shiga. Irin wannan fata ko shekara ta yi a ruwa ba ta jemuwa. Ta bushe ta karye, ta sha danshi ta ruɓe daga ciki.

Na mayar da ita na rufe. Na tafi gona, ba abin yi a gona, ƙasa a bushe. Na dawo na buɗe na sake dubawa kamar za ta canza. Aka kawo tuwo na ci loma biyu na ture. Na je masallaci, na dawo, na sake zagayawa bayan gida. Mai ɗakina tana kallona tana tsince wake.

"Ka zauna mana, kana sa ni jiri."

Ranar kasuwar Ɗambatta na shiga mota na tafi, ban gaya wa kowa abin da zan yi ba. Na je layin dukawa, masu ɗinkin fata. Ga jajayen fatu a rataye, an gama komai, sai dai a yanka. Na ɗauki ɗaya na juya ta, na shafa, na lanƙwasa. Yaya ba zai gane ba. Mutumin da ke neman Inna a rijiya ina zai bambance fatar taurensa da ta wani? Na ajiye, na ɗauki wata, na koma ta farkon.

"Baba," in ji mai rumfar, "saye za ka yi ko shafa? In shafa ce, ta ishe ta haka."

Na ajiye masa na fito. Ba zan ce tsoron Allah kaɗai ya hana ni ba. Na dai ga kaina ina miƙa masa ita yana sa mini albarka, na ji ba zan iya tsayawa a wurin ba.

A makon nan 'yata ta zo daga Kano da mijinta. Shi a kamfanin fata yake aiki, a ɓangaren da ake haɗa magungunan jima. Tun da ya auri 'yata magana tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa, ya durƙusa daga nesa, in amsa ina kallon wani wuri. Mai ɗakina ce ta ɓata wannan tsari. Yana tsugune yana gaishe ni ta leƙo daga ƙofa.

"Ka tashi ka je bayan gida ka duba masa fatar nan. Ya hana kowa sakat."

Kunya ta kama mu mu biyu. Ya cire agogo, ya naɗe hannun riga, ya bi ni. Ya ɗaga fatar, ya dubi inda na yanka, ya danna da farce. Ya juya ta ya sake dannawa.

"Faɗi mana," na ce. "Ba kai ne za ka fara gaya mini na yi wauta ba."

"A'a, Baba, ko a wurinmu yana faruwa. Ruwan ne ya yi ƙarfi da wuri."

"Wannan na sani. Abin da ban sani ba, ko ta mutu."

Ya ce ba ta mutu ba. Ya tsinko zare daga bakin buhun bagaruwar ya warware shi a tafin hannunsa. Ya ce fata haka take, zaruruwa ne ƙanana da ido ba ya gani, a saƙe da juna, ruwa a tsakaninsu, shi ya sa ɗanya take ruɓewa. Abin da ke cikin bagaruwa mai ɗaure baki in an tauna, shi ke shiga ya kama wannan zare ya kama wancan, ya kori ruwan, ya zauna a madadinsa. In ya zo da yawa lokaci guda sai ya cika bakin ƙofa, na baya su rasa ta inda za su wuce.

"Ku maganin jimarku na kamfani fa? An ce kwana ɗaya ya gama."

"Shuɗin gishirin? Yana da sauri, Baba. Amma ruwansa ba na zubarwa kusa da rijiya ba ne, ga gonaki ko'ina. Kuma shi in ya kama ya kama ke nan, ƙulli yake yi. Bagaruwa riƙo take yi kamar na hannu, ana iya lallashinta ta sassauta. Da da namu aka yi wannan, da sai dai haƙuri."

"Da me ake lallashinta?"

"Kanwa. Kaɗan, ba irin ta dafa wake ba."

Ya ce in wanke ta a ruwan kanwa mai sauƙi, in yi ta murzawa ina zubarwa har ruwan ya daina fita da duhu. Sannan in ɗauraye ta da ruwan tsamiya don a kashe kanwar, in ba haka ba fatar za ta yi baƙi. Bayan nan in koma farko.

"Ruwan farkon ya zama kamar shayin marowaci, Baba. Ana ganin gindin kofi."

Mai ɗakina da ke laɓe tana ji ta yi dariya. "Wannan ai ya iya shi."

Na tambaye shi tsawon lokacin da za ta ɗauka. Ya sunkuyar da kai ya ce wuyan yana da kauri, ba zai yi mini ƙarya ba, sai yadda ta sha.

Na yi yadda ya ce. Ruwan kanwa ya fita kamar tsohon jini, fuskar fatar ta saki, tattarewar ta kwanta sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na haɗa ruwa mai rauni na tsoma ta. Daga nan aikin ya koma na jira, ni kuwa ban iya jira ba. Da safe in juya ta, in ƙara ɗan tafin bagaruwa. Hannuna yana son ya ƙara biyu, in janye shi. In tafi gidan Yaya, in dawo in juya ta. In tafi kai taki gona da jaki, a rabin hanya in tuna ko na rufe kwatarniyar, in juyo.

Gidan Yaya kuwa kullum da fargaba nake shiga. In yi sallama in zauna ina jira. Wani lokaci tambayar tana zuwa kafin in zauna. Wani lokaci sai mun gama gaisuwa, ya dubi takardun Alƙur'aninsa da ke ɗaure cikin tsohon zane a kan buzu, sannan ya ce, "Ina fatata?" Sai in ji numfashina ya sauka.

Wata safiya bai tambaya ba. Na zauna har rana ta shigo zauren. Ya yi mini zancen wata saniya da muka yi kiwo muna yara, ya tambayi ko an yi ruwa a gabas. Na kasa haƙuri.

"Yaya, fatarka tana nan tana shan bagaruwa."

Ya dube ni da fara'a irin wadda ake yi wa wanda ya kawo labarin da bai shafe ka ba.

"To, madalla," ya ce.

Na fito na nufi gida kusan da gudu, na yanki gefen wuyan. Farin ya ragu, amma yana nan, kamar kaurin tsinken tsintsiya. Na tsaya da buhun bagaruwa a hannu. Na san abin da zai faru in na juye shi, na gani da idona, amma sai da na daɗe a tsaye kafin na ajiye.

Washegari ya tambaya. Jibi bai tambaya ba. Haka muka yi ta yi. Ni kuma na dinga yankan gefen fatar ina dubawa, safe da yamma, har wata rana na nemi wuƙar na rasa.

"Na ɓoye," in ji mai ɗakina. "Za ka ƙarar da ita da yanka, a tashi ɗinki a samu ta laya kawai. Ranar Juma'a zan ba ka."

Na yi faɗa, ba ta kula ni ba. Juma'ar farko farin ya koma kamar zare. Ta karɓe wuƙarta. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutane suna gyaran garma, ni hankalina yana bayan gida. Juma'ar da ta biyo na yanka a wuri mafi kauri, na fito da shi rana na duba, na kira ta ita ma ta duba don ban yarda da idona ba. Launi ɗaya daga sama har ƙasa.

Na wanke ta, na shafa mata man gyaɗa, na shanya a inuwa ina ja ina murzawa kada ta bushe da tauri. Na jiƙa karan dafi da ɗan ruwan toka, ja ya fito, na shafa mata sau da yawa har ya zauna. Na goge fuskar da gindin kwalba sai da ta ɗauki ƙyalli. A wuya akwai 'yar tattarewar da ba ta kwanta ba, wadda duk majemi zai gani ya san abin da aka yi. Sauran kuwa sai ka naɗe ta a tafin hannu ta buɗe ba layi.

Ban tsaya kai wa baduku ba. Na ce ya fara ganinta tukuna. Na naɗe ta na saɓa a kafaɗa, da hantsi na yi sallama a zaurensa. Yana zaune a kan buzu, ya jingina da bango.

"Wa alaikumus salam. Maraba da baƙo. Daga ina?"

Na tsuguna a gabansa.

"Daga nan cikin gari, Malam. Fata na kawo maka."

Na shimfiɗa ta a kan gwiwoyinsa. Ya sa hannu biyu ya shafa daga wuya zuwa gindi. Ya lanƙwasa gefe ya saki. Ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa, jan ya haska masa fuska. Ya daɗe yana kallo.

"Ja ce," ya ce. "Irin wadda nake nema ce kuwa. Akwai wani Alƙur'ani da na rubuta, ba shi da gafaka."

"Don shi aka yi ta."

"Amma ni ban san fata ba, malam ne ni. Ka kai wa ƙanena ya duba. Majemi ne, ɗan majemi. Yana da gaggawa, amma ba a yi masa ha'inci a fata. In ya ce ta yi, ka dawo."

Ya miƙo mini ita. Na karɓa na fita. Na tsaya a jikin katangar gidan, wata mata ta wuce da tulu. Na duba fatar kamar yadda aka aike ni in yi, na bi ta gefe gefe, har wuyan. Sannan na koma na sake sallama.

"Malam, ƙanenka ya gani."

"Me ya ce?"

"Ya ce akwai ɗan aibi a wuya, laifin mai jimar ne. Amma ta jemu har ciki. Ya ce za ta riƙe."

"To, in ya ce za ta riƙe, za ta riƙe," ya ce. Ya jawo ɗaurin takardun ya ɗora a tsakiyar fatar, ya naɗo gefe ɗaya, ya naɗo ɗayan, yana gwada ko za ta isa. Ta isa har da saura.